Ranar Da Muka Sauko Da Waƙar Baba Haladu

Mutane da yawa sun tsaya a gaban makirfo a situdiyonmu na Gaya, amma ban taɓa mantawa da ranar da Baba Haladu ya zo ba. Ku da kuke koyon fiyano a hannuna, saboda shi ne nake damun ku da zancen tazara.

Gab da faɗuwar damina ne. Baba Haladu mawaƙin noma ne daga Toranke, wanda a da in ya ɗaga murya a wurin gayya ko malalaci sai ya zabura. Ya yi jinyar maƙogwaro, ya daɗe bai yi waƙa ba. Matasan garinsu suka matsa masa ya zo a ɗauki babbar waƙarsa, su sa a waya su riƙa ji a gona. Ya zo da 'yan amshinsa biyu da wani tsohon kaset a aljihu.

Tsarin aikinmu shi ne mawaƙi ya fara rerawa da baki, ni mai fiyano in lalubo inda muryarsa ta zauna in ɗora kiɗa, sannan Oga Sanusi, mai situdiyon, ya ɗauki murya. Baba ya ce shi a bi kaset kawai, yadda ya yi waƙar yana saurayi. Na bi kaset. Baitin farko ya tafi lafiya. Da aka zo inda waƙar take hawa, wurin da yake kiran manoma, sai muryar ta tsinke. Ya kurɓi ruwa ya sake, ta ƙara tsinkewa. 'Yan amshi suka sunkuyar da kai.

Oga ya ce kwamfuta za ta iya jan muryar sama, ya kuwa gwada. Baba ya saurara ya ce wannan ba shi ba ne, sai ka ce an shaƙe ɗan akuya. Ya lalubo takalmansa ya sa, yana cewa daga yau ya ajiye waƙa, a ba yaran haƙuri. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na ga ba wasa yake yi ba.

Na roƙe shi ya zauna kusa da ni ko na ɗan lokaci. Na ce masa fiyano na asali akwatin katako ne, kowane madanni yana da 'yar guduma da take bugun waya a ciki. Doguwar waya sautinta kauri, gajera kuma siriri. Namu na lantarki ne, amma jerin ɗaya ne: in ka yi hagu sauti ya yi kauri, in ka yi dama ya sirance. Farare bakwai, baƙaƙe biyar, sai jerin ya sake maimaita kansa. Yana ji na ne kawai don kada ya ba ni kunya.

Sai na matsa hagu, na fara waƙarsa daga wani madanni na ƙasa, na kiyaye kowane hawa da kowace sauka yadda suke. Na tambaye shi waƙar wa ce wannan.

“Tawa ce mana,” in ji shi.

Na ƙara matsawa hagu na sake kaɗawa. Ya ce ita ce dai. Na gaya masa ai waƙa ba a madannin da aka fara take ba, tana cikin tazarar da ke tsakanin sauti da sauti. Kamar tafiyar mutum ce, ko a tudu ko a kwari, wanda ya san ka zai gane takunka.

Sai ya tambaya a hankali: “Ɗana, ba za a ce na gaza ba?”

Kafin in amsa, Malam Iro, babban ɗan amshinsa, ya ce, “Yaya, mu tun kafin jinyarka hawan nan yake ba mu wuya. Nauyinka ne ya hana mu faɗa.”

Baba ya harare shi, daga nan dariya ta ƙwace masa. Ya tuɓe takalman ya koma gaban makirfo, ni kuma na ɗora kiɗan daga madannin ƙasa. Muryar ta fito da kauri, a natse, kuma da aka zo kiran manoma ta haye sumul. Oga bai taɓa komai a kwamfuta ba. Ni kuwa tsikar jikina tashi ta yi, da ƙyar na kai ƙarshen kiɗan.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mai fiyano ba ya jan mawaƙi zuwa inda kiɗa yake, shi yake zuwa ya same shi a inda muryarsa take a yau. Da za su tafi na ga kaset ɗin a kan fiyano, na bi Baba da shi har bakin ƙofa. Ko juyowa bai yi ba.

“Ajiye shi a nan,” ya ce. “Na yaron can ne da ya rera a cikinsa, shi ya gama tasa.”