Kulu, Ba Ruwa Ne Ya Ci Ki Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma, babba da yaro. Ranar Talata, sha bakwai ga watan Jimada Awwal, da hantsi, Allah ya karɓi ran matata Hauwa'u, wadda duk garinmu na ƙasar Auyo ya sani da Kulu. Ta cika a ɗakin aro a unguwar tudu, domin namu ɗakin yana kwance a ƙasa tun watan Mauludi. An yi mata sutura bayan azahar. Ta bar ɗa ɗaya, Misbahu, da 'ya ɗaya, Jannatu, da jikoki, da ni.

Ni ne mijinta, Garba. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba shanu suka janye ni. Jannatu ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na sa ta yi mini alkawari ba za ta sassauta ko kalma ɗaya ba. Tun da aka fara zaman makoki, duk wanda ya zo sai ya ce, “Sannu Malam Garba, ambaliyar bana ta yi mana ɓarna.” Na ji wannan magana har ta ishe ni. Kwana na Allah ne, ban musa ba. Amma sanadi yana da suna, kuma yau zan faɗe shi.

Kulu, bari in fara da ke, don ke kika cancanta.

Daga Guri aka kawo mini ke, a kwale-kwale, shekarar da ruwa ya yanke hanya. Mata suna guɗa, jirgi yana yoyo, ke kuwa kika yaye lulluɓi kika ɗauki ƙwarya kina kwalfe ruwa. Gwaggona ta ce, “Ke 'yar nan, amarya ba ta aiki!” Kika ce, “Gwaggo, wadda ta nutse ma ba ta yi.” Har ta mutu tana ba da wannan labari. Haka kika shigo gidana da ƙwarya a hannu, kuma ban tuna ranar da na ga hannun nan a sake ba.

Gumin shinkafa ne sana'arki. Ki jiƙa, ki turara a rabin duro, ki shanya, ki tsaya a rana kina juyawa da ƙafa kina korar kaji. Masu saye daga Haɗeja sun san taki a ido, ba tsakuwa, ba warin hayaƙi. Tsakin da ya fita daga inji kuwa bai taɓa zuwa kasuwa ba. Kin san gidajen da ba a hura wuta ba, kuma kin san yadda ake kai musu ba tare da an kunyata su ba. Sai ki ce kin zo aron rariya, ki manta kwano a bayan ƙofa. Rariya kuwa muna da ita har biyu.

Mutane suna cewa ina da taurin kai. Ke kaɗai ce kike faɗa mini a gabana in yi dariya. Kikan ce, “Malam, da za ku yi gardama da turmi, turmin ne zai fara matsawa.” To, yau ba ki nan, turmin ma ba ya nan, ruwa ya tafi da shi. Saura ni.

Shekarar da kika haifi Misbahu, matar maƙwabcinmu ta rasu wurin haihuwa, ta bar jariri. Ana ɗura masa nonon akuya yana amayarwa, kukansa har ya daina fita. Ba ki tambaye ni ba. Kika shiga gidan kika ɗauko shi, Misbahu a dama, shi a hagu. Kika rame har awarwaronki yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Da na yi magana kika ce, “Biyu aka ba ni, Malam, su ma biyu ne.” A bayanki ya yi barci, a tsakar gidanmu ya koyi tafiya, Inna yake kiranki har ya yi gemu. Sunansa Abdulmannan. Jannatu, rubuta shi da kyau, yadda kowa zai iya karantawa.

Wanda ba ɗan fadama ba ne, bari in gaya masa abin da ake kira jinga. Tudun ƙasa ce da muke tayarwa da gayya kowace shekara kafin kogi ya kawo, mu jera mata buhunan ƙasa. Gonakin shinkafa suna gabanta, ta wajen ruwa, gidajenmu na unguwar gangare suna bayanta. In ruwa ya yi yawa ya haye kan shinkafa, mai gona haƙuri yake yi, domin gona ba ta kai rai ba. Tun kakanninmu ba a fasa jinga sai mai unguwa da sarkin ruwa sun yarda, sanƙira ya zaga gari ya yi shela, an kwashe tsofaffi da yara da dabbobi. Yaron da bai iya ɗaura wando ba ma ya san wannan.

Buhunan jingar nan, Kulu, rabinsu ɗinkinki ne. Duk rani kina tara tsofaffin buhuna kina ɗinke su da basilla, kina ninka bakin sau biyu. Ranar gayya kuma ke ce mai kunu. Ba a taɓa biyan ki ba, ba ki taɓa nema ba.

Ranar Juma'a ce, cikin watan Mauludi. Ruwa ya cika har ya fara rufe kan shinkafa. Maza duk mun hau tudu masallaci. Tun Abdulmannan yana yaro nake riƙe hannunsa in tsayar da shi a damana, a sahu na biyu, kuma nan ne wurinsa har ya girma, kowa ya sani. Ranar nan wurin ba kowa. Na waiwaya na sake waiwayawa, har na ce a raina ko ba shi da lafiya ne. Liman yana sallama muka ji kururuwar mata daga gangare.

An gaya mini kin riga kin fita, Kulu. Kin kai jikokinki kan tudu, ƙafarki ta taka busasshiyar ƙasa. Sai kika ji kukan awaki a turke. Matan suka riƙe ki, kika fizge, kika ce ba a barin dabba ta mutu a ɗaure. Kin kwance su duka, sun fita. Katangar ɗakinmu ce, da ruwa ya ci gindinta, ta faɗo miki a ƙugu. A cikin taɓo muka tono ki, muka sa ki a jirgi zuwa bakin hanya, daga nan zuwa asibiti a Haɗeja. Likitoci sun yi nasu, mai ɗori ya yi nasa. Ba ki sake tsayawa da ƙafarki ba.

Da ruwa ya ɗan janye na je na duba jingar da idona. Ba a koya mini karatu ba, amma na tsufa a bakin ruwa. In ruwa ya ci jinga, zaizaye ta yake yi, ya ja buhu a ɗinke ya jefar can. Waɗannan buhuna an farke bakinsu da wuƙa, a miƙe, ɗaya bayan ɗaya. Ɗinkinki ne, na san shi kamar tafin hannuna. Kuma wurin da aka fasa yana daidai ƙarshen gonar Abdulmannan. Mala masunci, wanda ya makara a kan komarsa ranar, ya same ni a wurin ya ce, “Malam Garba, na gan shi da shebur.” Bayan kwana biyu mai unguwa ya kira Mala, suka yi magana a soro. Da ya fito sai ya ce idonsa ba ya gani sosai daga nesa. Mutumin da ke hango motsin kifi daga wancan gaɓar! Dattawa suka taru suka ce ruwa ne ya ci jinga, a bar maganar don zaman lafiya. Zaman lafiyar wa? Ke kina kwance ana juya ki kamar jaririya.

Sau ɗaya Abdulmannan ya zo duba ki. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shigowa, ya ce, “Inna, ya jiki?” Na miƙe da sandata. Kika kama gefen rigata da ɗan ƙarfin da ya rage miki, kika ce, “Malam, bar shi. Ɗana ne. Na yafe.” Na zauna don ke, na yi miki alkawari ba zan taɓa shi ba. Amma na gaya miki a lokacin, kuma ina sake gaya miki yanzu: naki kika yafe. Nawa yana nan. Da ya durƙusa ya ce, “Inna, ni ne, tsoron asara ne ya kama ni,” wataƙila da wani abu ya motsa a ƙirjina. Bai ce ba. Ya karɓi yafiyarki ya sa a aljihu, ya tafi girbi.

Domin ya yi girbi, jama'a. A duk gefen nan gonarsa ce ta tashi, tunda ruwan da ke kanta ya sami hanya ta ɗakina.

Ranar sadakar uku, ana kawo gudummawa yadda aka saba, wannan gero, wannan mai, wannan itace. Sai ga buhun sabuwar shinkafa a kan babur, wai daga Abdulmannan, a dafa wa Inna sadaka. Kowa a garin nan ya san ma'anar wannan. In aka dafa abin mutum a gidan makoki aka ci, to babu sauran magana tsakaninku. Mai unguwa ya matso kusa da ni ya ce, “Malam Garba, a sa a tukunya, a rufe zancen nan.” Na ce, “Ranka ya daɗe, shinkafar da aka shayar da ran matata za a dafa a nema mata lada da ita?” Ya ce, “Haba Malam, ka tsufa da wannan.” Na ce, “Da ita na tsufa, ba da wannan ba.”

Na sa aka jingine buhun a zaure. Ko kaji na hana su tsattsage shi. Misbahu ya roƙe ni har da hawaye, ya ce, “Baba, nono ɗaya muka sha da shi, ka bari in mayar masa a ɓoye.” Na ce a ɓoye aka fasa jinga, ba za a mayar da buhu a ɓoye ba. Da na zo nan a faɗa, Jannatu ta ajiye biro tana kuka. Na jira ta, ta ɗauka.

Juma'ar da ta wuce na ari baro. Misbahu ya ƙi kama mini, ban matsa masa ba. Ni kaɗai na mirgina buhun na tura shi har tudu, ina tsayawa ina hutawa, mutane suna kallo ba mai tambaya. Na ja shi cikin masallaci, na tsayar da shi a sahu na biyu, a damana. Ladan ya zo da sauri ya ce, “Malam Garba, mene ne haka a ɗakin Allah?” Na ce, “Mai wurin ne. Ranar da aka fasa jinga, wannan aka zaɓa aka bar salla. To, ga shi na kawo shi ya rama.”

Abdulmannan ya shigo, ya cire takalmi, ya ɗaga ido ya ga abin da ke tsaye a wurinsa. Sai ya juya ya fita, takalmin ma bai ɗauka ba. Ba wanda ya taɓa buhun. Kafaɗa da kafaɗa muka yi salla da shi.

Bayan sallama, kafin mutane su watse, Mala ya miƙe a bakin ƙofa. Ya ce, “Jama'a, ku tsaya. Idona lafiya lau yake. Na ga Abdulmannan a kan jinga da shebur da wuƙa, ana cikin huɗuba. Na ji tsoro na yi shiru. Allah ya yafe mini, Kulu ta ciyar da 'ya'yana shekarar da jirgina ya fashe.” Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana ta jan carbi. Tun daga ranar ba wanda ya sake ce mini ambaliya.

Abin da nake nema ke nan, Kulu. Ban kai shi kotu ba, ban ɗaga masa sanda ba, alkawarin da na yi miki na riƙe. Amma ba za a binne ki da ƙarya ba. Sadakar arba'in ɗinki kuwa ba za ta rasa abin dafawa ba. Geron gonar tudu yana nan, kuma awakin da kika kwance suna nan, ɗaya ma ta haihu. Babban bunsurun za a yanka. Ke kika saye shi da ƙugunki, halalinki ne.

Allah ya jiƙan Hauwa'u. Allah ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta, ya sanyaya shi, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Yadda ta kwance dabbobi daga turke, Allah ya kwance ta daga kowane ƙunci. Yadda ta shayar da maraya, Allah ya shayar da ita daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina yi wa Misbahu da Jannatu da 'ya'yansu ta'aziyya, da 'yan'uwanta na Guri, da matan gangare da suka yi jinyarta ba su gaji ba, da duk gidan da ya taɓa tsintar kwano a bayan ƙofa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Kai kuma Abdulmannan, kai ma uwa ka rasa, don haka ba zan bar ka ba addu'a ba. Ba na roƙa maka ciwo, ba na roƙa maka talauci, ta hana ni. Allah ya ba ka tsawon rai. Allah ya sa gonarka ta yi ta bayarwa kowace shekara, ka girbe, a dafa, a ajiye maka a gabanka, ya kuma bar maka hankalinka garau har ƙarshe, yadda duk lomar da ka ɗauka za ka san da me aka shayar da ita. Sauran maganar, ni da kai, sai gaban wanda ba a kiransa soro a ce ya yi shiru.