Igiya a Gindin Gwaba

Ni na jawo abin da hannuna. Shekararmu ta biyu a Narayi, lokacin daji bai gama sakin unguwar ba, na shuka rama da yakuwa a bayan ɗaki, na ajiye fasasshen kasko da ruwa a gindin gwaba saboda tsuntsaye. Na taso ina jin cewa shayar da bakin da ba ya roƙo sadaka ce. Kurciyoyi suka zo, kanari suka zo, ina ta murna. Daga baya kwaɗi suka tare. Ban tsaya na tambayi kaina wa ke bin kwaɗo ba.

Wata rana da hantsi, cikin damina, ina wanki, ɗana ɗan wata biyar yana barci kan tabarma a inuwar gwabar. Ina ɗaga kai na ga maciji, baƙi ƙirin, a miƙe gefen tabarmar, kansa dab da ƙafar yaron. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A gidan da na tashi ba a kiran maciji da sunansa, wai in ka kira shi zai amsa. Igiya ake cewa. Maƙwabciyata, 'yar Binuwai da mijinta ke aiki a masaƙa, tana tsaye da nata bokitin. Hausarta ta kasuwa ce.

"Yaya, igiya," na ce da raɗa, ina nuni da baki. "Igiya!"

"Haba Amarya, don igiya kike kuka? Bari na kwance miki."

Igiyar shanyarmu a jikin gwabar take ɗaure. Ta nufi wajen, silifas ɗinta na fas-fas. Ina so in yi ihu, harshena ya ƙi. Yaron ya tare mata hanya, sai ta sunkuya ta ɗauke shi, ta saɓa a kafaɗa. A nan macijin ya ɗago ya fasa kai. Ta ƙwalla ƙara, ta yi tsalle da baya, shi kuma ya sulale cikin rama.

Ta daɗe ba ta ba ni yaron ba. Sannan ta dube ni.

"Ɗanki yana kwance, ke kina jin kunyar maciji? Mijinki ne, da ba za ki faɗi sunansa ba?"

Na karɓe shi daga hannunta. Na zauna a ƙasa ina juya ƙafafun ɗana, ina dubawa yatsa bayan yatsa.