Tagar Benen Zakka

Zakka ya rasu a bazarar da ta wuce, kuma har yanzu in na biyo ta lungunsu sai na ji bakina ya buɗe zan ƙwala masa kira. A wajen zaman makoki mutane sun yi ta faɗin alherinsa, har wani dattijo daga cocinsu na Sabon Gari ya miƙe ya ce marigayi mutum ne mai bin doka. Ni da na shekara fiye da arba'in ina cin tuwo kwano ɗaya da shi, sai na sunkuyar da kai. Mutane suka ɗauka kuka nake yi. Rabi kuka ne, rabi dariya.

Sunansa na takarda Zacchaeus, amma tun daga Wusasa inda aka haife shi ba mai wahalar da harshensa. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne da aka yi wa canji zuwa Kano, shi ma ya gaji aikin. A bakin tasha muka haɗu, ina sayar da shayi. Gajere ne na gaske. In ya tsaya a gaban teburina, gwangwanayen madara sai su ɓoye shi, hularsa kawai kake gani tana neman ƙarin sukari.

Kowa da jarabarsa, ta Zakka gini ce. Bai taɓa koyon aikin a wajen kowa ba, amma in ya ga bulo da siminti sai jikinsa ya kama rawa. Da ya yi ritaya ya sayi wani ɗan gida a bakin Fagge, ta ɓangaren da ke kallon Sabon Gari, ɗaki ɗaya da falo da ɗan tsakar gida. Kafin matarsa Jemima ta rasu ya riga ya cinye tsakar gidan da kicin da banɗaki da ɗakin agwagi. Katangar kicin ɗin sai ka karkata kai kafin ka ga ta miƙe.

Maƙwabcinsa na gabas shi ne Malam Wali, tsohon magatakardar kotu, dogo siriri, mai magana kamar yana karanto ta daga takarda. Zamansu ba laifi. Da Babbar Sallah cinyar rago takan tsallako katanga, da Kirsimeti shinkafa da kaji su tsallaka can. Amma duk damina sai sun yi faɗa a kan indararon Zakka da ke zuba a gindin katangar Malam, duk damina Zakka ya ce gobe zai gyara.

Abin da ya kawo maganar bene shi ne 'yarsa Christy. Mijinta ya rasu a Kaduna ya bar ta da 'yan mata biyu, dangin mijin kuma suka ce za su sayar da gidan a raba gado. Zakka ya kira ta a gabana ya ce ta dawo gida, akwai ɗaki. Da ya kashe wayar na tambaye shi ina ɗakin yake. Ya nuna sama da leɓe.

Na ce, "To ka fara zuwa hukumar tsara birni ka karɓo takardar izini."

Ya ce, "Hamzat, ƙasa ce ta gwamnati. Sama ta Allah ce."

Abu ɗaya na ci nasara a kansa. Na rantse in bai ɗauko magini na gaske ya kafa ginshiƙai ya zuba kankaren sama ba, ba zai ƙara shan shayina ba. Ya yarda yana gunaguni. Amma awon ɗakin da kansa ya yi.

Gefe ɗaya ne kawai iska ke shigowa, wato gabas, don ta sauran ɓangarorin manyan sito-sito na 'yan kasuwar Kwari sun tokare shi. Gabas kuwa tsakar gidan Malam Wali ce. Zakka ya san ƙa'idar unguwa sarai: tagar da ke kallon gidan maƙwabci sai ta wuce kan mutum, iska ta shiga, ido bai fita ba. Sai ya jingina da bango, ya ɗora tafin hannu a kan hularsa, ya ja layi da gawayi, ya ce wa magini a nan taga za ta fara.

Wata safiya Hajiya Huseina, matar Malam, tana zaune a tsakar gidanta ba ɗankwali, ƙafa cikin lalle, ta ɗaga kai sai ta haɗa ido da wani lebura a bakin tagar. Leburan ma, don ladabi, sai ya gaishe ta.

Kafin azahar Malam Wali ya yi sallama a ƙofar gidan. Ina wajen.

Ya ce, "Zakka, ka buɗe ido a kan iyalina."

"Taga ce, Malam, ba ido ba. Kuma ta wuce kai."

"Kan wa?"

"Kan mai gida mana. Ko akwai wani kan da ake awo da shi?"

Malam ya dube shi tun daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya juya ya tafi. Mutumin kotu ne, ƙara ya kai. Bayan 'yan kwanaki sai ga ma'aikatan hukuma, suka zana ƙaton gicciye da jan fenti a bangon gaba, suka rubuta a dakatar da aiki. Zakka ya tsaya ya kalli rubutun, ya ce ko hannun kirki ba su da shi. Ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayo jan fenti irin nasu, ya shafe gaban gidan gaba ɗaya. Gida ya koma kamar shagon sayar da katin waya. 'Yan unguwa suka yi ta zuwa kallo.

Ma'aikatan ba su yi dariya ba. Suka dawo da baƙin fenti suka sake zana gicciyen, babbansu ya ce zuwa na gaba ba da fenti za su zo ba.

Ranar ne na fara ganin tsoro a fuskar abokina. Ya zauna a bencina, shayi ya huce a gabansa.

Ya ce, "Na riga na ce wa yarinyar ta ɗaure kaya, Hamzat."

Na ce ya toshe tagar kawai a zauna lafiya. Ya ce ƙaramar jikarsa tana da asma, ɗaki ba taga a zafin Kano ai kabari ne. Na ce to a ɗaga ta sama. Sai ya sosa ƙeya. Ashe rufin ma da kansa ya auna. Tagar ta riga ta kai ƙarshe, ba inda za ta.

Ni na je na roƙi mai unguwa ya shiga maganar. Ya ce sai ya gani da idonsa. Aka aika wa matan gidan Malam su shige ɗaki, muka hau. Mai unguwa ya tsaya a bakin taga ba tare da ya yi ɗage ba, ya ce yana ganin kaji, yana ganin shanya, kuma yau miyar kuɓewa ake yi. Zakka ya matso kusa da shi ya ɗaga kai.

Ya ce, "Ni dai gajimare kawai nake gani, ranka ya daɗe."

Mai unguwa ya ce, "Kai ai ko a bakin randa ka tsaya gajimare za ka gani."

Aka sauko aka zauna a zauren Malam Wali. Mai unguwa ya ce gaskiya tana wajen Malam, kuma ba shi da abin da zai ce sai a toshe. Malam ya ce in an toshe zai janye ƙara. Sai muka ji gyaran murya daga bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Hajiya Huseina ce.

Ta ce, "Malam, a yi mini haƙuri. Wai wa zai zauna a ɗakin nan?"

Aka ce Christy da 'ya'yanta mata.

"Christy da na yi wa kitso a tsakar gidan nan har ta yi aure? To me ya rage da ba ta gani ba?"

Malam ya ce, "Hajiya, ba yarinyar nake ji ba. Bene yana da matakala, matakala kuwa ba ta tambayar ƙafar wa ke taka ta."

Zakka ya zabura ya miƙe. Ya ce, "In don maza ne, daga ranar da ta tare ba namijin da zai sake hawa benen nan."

Mai unguwa ya ce, "Har kai?"

Zakka ya ce, "Har ni."

Malam ya ce, "Kai da indararo ɗaya ya gagare ka cika alkawari?"

Zakka ya ce, "Indararo ba 'yata ba ce, Malam."

A haka aka tsaya, da shaidar mai unguwa da tawa: taga tana nan muddin namiji bai taka benen ba, ranar da aka karya, ranar za a sa bulo. Malam ya janye ƙararsa, kuma da yake ya san ƙofofin ofisoshi, shi ya ja Zakka suka yi ta zarya har aka yanka masa tara, aka turo injiniya ya duba ginshiƙai, aka sare bakin matakalar da ya shigo lungu, sannan takarda ta fito. Aka rataya tabarma a tagar, magina suka ƙarasa shafen bango. Christy ta iso da kayanta a farkon damina.

Daga ranar Zakka ya koma mai gadin benensa. Ya ajiye kujera a gindin matakala. Fenti Christy da yaran suka yi, yana ƙasa yana ba da umarni a kan abin da ba ya gani. "Kusurwar hagu ba ta ji ba!" Christy ta leƙo ta ce, "Baba, ba mu ma kai can ba." Da fanka ta lalace, mai gyara ya tsaya a ƙasa yana kwatance, ita tana sama da sukundireba, har ta zama ita ke gyara wa matan lungu nasu. Fasto ya zo yi wa ɗaki addu'a, Zakka ya tare shi ya ce ya yi daga nan, Ubangiji yana ji. Ni kaina na taɓa ɗora ƙafa a matakin farko don in ɗaure takalmi, ya buge ta da sanda.

Wani lokaci in ya ji jikokin suna guje-guje a sama sai ya ɗaga kai yana bin sawunsu da ido a jikin silin. Ya tambaye ni, "Ka ce ɗakin ya yi kyau ko?" In ce ya yi, alhali ni ma rabona da shi tun yana bulo tsirara.

Shekaru suka tafi a haka. Bana ciwon zuciya ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya. Ga zafin bazara, ga ba wuta, ga ɗakin ƙasa da shi da kansa ya toshe wa duk wata kafar iska. Christy ta yi kuka ta roƙe shi a ɗauke shi a hau da shi sama. Ya ƙi. Ta tsallaka ta gaya wa Hajiya, sai ga Malam Wali ya shigo yana dogara sanda, ya zauna a bakin gado.

Ya ce, "Zakka, na ɗage maka. A hau da kai ka sha iska."

Zakka ya buɗe ido da ƙyar. Ya ce, "Kai ka ɗage yau. Gobe ka bi ni, 'ya'yanka su ce an karya sharaɗi, su toshe wa jikokina taga. Na san jininku, jinin kotu."

"'Ya'yana ba za su yi ba."

"Kai ma da na ɗauka ba za ka kai ni hukuma ba."

Malam ya karɓi mafici daga hannun Christy ya shiga yi masa fifita. Zakka ya ce ko fifita bai iya ba, yana yi kamar mai korar ƙuda a kotu. Haka muka riƙa karɓa-karɓa, ni da Malam da Christy, har ranar da ya cika, a ɗakin ƙasa, da hantsi.

Bayan an dawo daga maƙabarta Malam Wali ya tara 'ya'yansa maza a zaure, ya aika aka kira mai unguwa, aka kira ni. Ya ce mu shaida, tagar nan ta zama halak ɗin Christy da 'ya'yanta, ko yana raye ko ba ya raye, ko wa ya hau benen. Babban ɗansa ya fara cewa wani abu, Malam ya ɗaga masa hannu ya yi shiru.

Na je na gaya wa Christy. Ta share hawaye ta ce, "To Baba Hamzat, ka hau ka gani mana, ko don shi." Na tsaya a gindin matakalar na daɗe. Na ce mata wata rana.