"Da Sauƙi" a Ofishin Lauya

Shekarar da na gama jami'a, ina zaman jiran aiki, wani dattijo ɗan Nijar da muke sallah tare ya roƙe ni in riƙa yi masa tafinta. Baba muke ce masa. Bayansa ya lalace wajen ɗaga kwalaye a wani sito da ke Wendover, a nan ƙasar Turawa inda muke zaune, kuma an hana shi tallafin naƙasassu. Abin da ya rage shi ne ɗaukaka ƙara gaban alƙali. In ya faɗi a nan, ban san inda zai kwana ba.

Lauyar da ta karɓi shari'ar wata Baturiya ce a ofishin da ke tsaya wa marasa hali kyauta. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu, in na fahimta daidai, kuma ba na jin da yawa ake ba su.

Ranar farko ta ce in tambaye shi jiki.

"Da sauƙi, Alhamdu lillahi," in ji Baba.

Na fassara yadda ya faɗa. Ta dube shi, ya dafe tebur, ya kasa zama daidai. Sai ta juyo gare ni.

"A wajenku, wanda ke bakin mutuwa me yake cewa?"

Na ce, "Ban tabbata ba. Ina jin shi ma haka zai ce."

Ashe amsar da yake ba kowane likita ke nan, su kuma su ɗauka yana warkewa.

"Baba, ta ce ku faɗi ciwon yadda yake."

"Kai, ɗana! In kai ƙarar Ubangijina wajen nasara? Abin da aka koya muku a jami'ar ke nan?"

Na zaci za ta yi fushi. Ba ta yi ba, ba ta kuma sake tambayarsa jiki ba. Ta ce ya nuna mata yadda yake sallah. Nan bakinsa ya buɗe: a kujera yake yi, rabonsa da sa goshi a ƙasa tun kafin azumin bara, matarsa ce ke wanke masa ƙafa in zai yi alwala. Wannan ba ƙorafi ba ne a wajensa, bayanin ibada ne.

Ta sa likita ya sake auna shi, ta kuma yi masa waɗannan tambayoyin gaban alƙali, ni ina fassara.

Watakila da wani lauyan ma zai ci. Ban sani ba. Na dai san an ba shi tallafin, kuma bai rasa ɗakinsa ba.