Ukun da Muka Ba Dakta Tregenza

Merv Tregenza ɗan mahauci ne, kuma har ya bar garinmu bai daina kama hannun mutum kamar mai duba nama ba. Ya zo Warrabinna yana ɗan shekara talatin da huɗu, a cikin wata tsohuwar a-kori-kura, da matarsa Beryl, da kare, da takardar shaidar cewa shi ƙwararren likitan gaɓɓai ne. Abokansa na birnin Adelaide suka ce ya zare, wa zai kai irin wannan ilimi garin tumaki. Ba su san garin ba ne. Inda maza suka yi shekara arba'in a sunkuye suna askin tumaki don ulu, likitan gaɓɓai ba ya zaman banza. Ni kaina, Clarrie, shekara talatin da ɗaya na yi ina aski, kuma shekara ashirin da biyu ina zuwa ɗakinsa na duba marasa lafiya duk bayan wata uku.

Daɗin baki dai Allah bai ba shi ba. Hannunsa kuma sanyi ƙalau ko da tsakiyar zafi. Zai rufe ido, ya bi yatsunka ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, ba sannu ba ya jiki, sai ya buɗe ido ya ce, "Ka koma wa giya."

"Kwalba ɗaya ce, Dakta."

"Kwalbar nan taka ta kai tankin ruwa. Miƙo ɗayan."

Amma shi ne ya gano ciwon Noelene Pfitzner, mai dafa wa masu aski abinci, bayan likitoci uku sun ce mata tsufa ne ta haƙura. A bakin ƙofar coci ya ga yadda take fama da maɓallin rigarta, ya ce ta zo Litinin. Duk Laraba yana tuƙa kilomita casa'in ya bi gonaki, ya duba waɗanda shiga mota ta gagare su. Da Beryl ta rasu, kwana biyu ya rufe ɗakinsa. Ba wanda ya je ya yi masa dogon jawabi. An dai riƙa ajiye masa cinyar rago a bakin ƙofa har firjinsa ya ƙi rufuwa.

To mu a Warrabinna ba ma yabon namu. Yabo na baƙo ne, mutumin da ba ka sani ba kuma ba ka damu da shi ba. Wanda kake so, zaginsa kake yi. In aka binne mutumin kirki, babban abin da za a faɗa a kansa shi ne bai cika damun jama'a ba, kuma iyalansa su koma gida suna jin an karrama su. Dakta Tregenza ya san wannan sarai, don shi ma haka yake. Ranar da ya ce min, "Ba kai ne mafi daƙiƙancin marasa lafiyata ba," sai da na kira ƙanwata a waya na gaya mata.

Yana da shekara sittin da takwas hukumar da ke sabunta wa likitocin gaɓɓai takardar shaida ta fito da sabon tsari. Ba su gajiya da sabon tsari, duk wanda ya hau kujera sai ya kawo nasa. Da ma akwai jarrabawa, kuma ya zauna gaban kwamfuta yana zage-zage ya cinye ta tas. Sabon abin shi ne sai marasa lafiya talatin sun cike fom a kansa, ba suna, kowace tambaya daga ɗaya zuwa biyar, da fili a ƙasa na ƙarin bayani. Glenys, sakatariyarsa, ita ta raba mana.

"Don Allah ku cike shi da mutunci," ta ce. "Mutanen birni ne za su karanta, ba shi ba."

Muka ce to. Ranar Juma'a bayan abincin rana muka baje fom a kan teburin mashaya, mu wajen goma sha biyu, da biro guda uku masu kauri, irin wanda hannunmu ke iya riƙewa.

"Wai yana sa ka ji ana darajta ka?" Noelene ta karanta. "Ni da ya ce min ina tafiya kamar agwagwa?"

"Ba shi biyar mana," wani ya ce, aka fashe da dariya.

"Biyar? Ya ji labari ya ɗauka mutuwa zai yi muke lallashinsa? Uku ta ishe shi. Uku ai ba laifi ke nan."

Kowa ya yarda uku maki ne na mutunci. Huɗu ta yi kama da neman wani abu a wurinsa, biyar kuwa sai ka ce neman aure. A tambayar ko za ka tura ɗan'uwanka wurinsa, Noelene ta ba shi biyu, ta rubuta cewa 'yan'uwanta ba su yi mata laifin komai ba. Ni kuma a filin ƙasa na rubuta, "Tsohon mahauci ne mai hannun ƙanƙara, ya raba ni da duk abin da ke min daɗi a duniya." Na ji daɗin jimlar nan ƙwarai. Har sau biyu aka sa na karanta ta da ƙarfi.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo. Makinsa ya faɗo ƙasa da layin da suka ja, kuma wasu kalamai, in ji su, sun tayar wa kwamiti hankali. Ba za a sabunta takardarsa ba sai ya yi wata shida a Adelaide ƙarƙashin kulawar wani, yana koyon yadda ake magana da marasa lafiya. In bai yi ba, ƙarshen Yuni ya rufe ɗaki. Daga garinmu zuwa likitan gaɓɓai na gaba awa biyar ne a bas.

Glenys ba ta ɗaga murya ba. Ta zo mashaya da wasiƙar, ta ajiye a kan teburin nan, ta ce, "Ga aikinku," ta fita.

Sai a lokacin muka zauna rubuta gaskiya, kuma ban taɓa ganin aiki mai wuya irinsa ba. Awa biyu muka yi a kan layin farko. Noelene ta ce a sa cewa an ga waɗanda suka fi shi muni. Na ce wannan hanyar ce ta kawo mu nan. Daga ƙarshe na rubuta cewa ba don shi ba da rabinmu muna kan keken guragu, kuma muna ƙaunarsa. Mutum ɗari da shida suka sa hannu, kowa yana kallon gefe. Hukuma ta amsa cikin ladabi cewa ba ta karɓar ra'ayin da aka tara bayan an rufe fom, don mai yiwuwa an matsa wa mutane ne.

Dakta ya je Adelaide, ya yi mako ɗaya. Ashe a can 'yan wasan kwaikwayo ake ɗauka su yi kamar ba su da lafiya, likita ya gwada tausayinsa a kansu, wasu na zaune da takarda suna ba da maki. Aka kawo masa wani saurayi yana ɗingishi yana nishi. Ya rufe ido ya matsa gwiwar, ya ce, "Lafiyarka ƙalau, tashi ka ba wani wuri." Aka rubuta cewa bai nuna ya ji damuwar mara lafiya ba. Ya haɗa jakarsa ya dawo.

Zuwana na ƙarshe wurinsa, yana riƙe da hannuna na ce, "Dakta, maganar mahaucin nan, ni ne."

"Na sani. Sun turo min hoton fom ɗin, na gane rubutun." Bai buɗe ido ba. "Layin rubutunka ya fara gangarowa ƙasa, bara ba haka yake ba. Wuyan hannun ne. Zan canja maka magani kafin in tafi."

"Ka yafe min."

"Jimlar ta yi kyau, Clarrie. Miƙo ɗayan."

Na fito na zauna a mota na yi kuka, abin da ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina. Yanzu yana wurin 'yarsa a bakin teku, an ce kifi yake kamawa yana zaginsu.

Abin da muke da shi yau shi ne wani ɗaki a bayan kantin magani, da kujera, da allon kwamfuta. Duk wata uku wani matashin likita yana fitowa a allon daga birni. Yaron kirki ne, yana kiran sunana sau uku a minti goma, yana cewa ya fahimci yadda nake ji. Sai ya ce in ɗaga hannuna kusa da kyamara, in matsa yatsun da kaina in gaya masa wanne ne ya kumbura. Hannuna na hagu ya daina rufuwa tun hunturun bara, Noelene kuwa 'yarta ke sa mata riga.

A watan jiya aka kawo mana fom a kan matashin likitan. Baƙo ne, bai yi mana komai ba, kuma ba a yi mana tarbiyyar wulaƙanta baƙo ba. Kowa ya ba shi biyar, har da ni. Glenys ta ce ta gani a mujallar hukumar cewa gamsuwar marasa lafiya a yankinmu ta kusa ninkawa cikin shekara biyu, kuma suna shirin kai tsarin wasu garuruwan.