Ƙasar Suri da Na Kai Zariya

Ko tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina kaf, ranar da na daka wa matar ɗana tsawa a tsakar gida ba za ta fita daga kaina ba. Ni da ita kuwa ko ido ba ma haɗawa.

Bari in faro daga tushe. Bokona aji uku ne, shi ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Da na tasa, sana'ata a Paki fasa tsohon batirin mota. In fasa, in tuttular da ruwan a kangon bayan gidanmu, in narka dalmar in kai wa masu liƙin kwano. Shekaru na yi a haka. Da auren ɗana ya zo, ƙasar kangon nan muka kwaɓa muka ja masa katanga. Sauran filin na zuba alayyafo, maƙwabta na saye.

Ina da 'yar ƙanena mai karatun kimiyya a jami'a a Zariya. Ta zo hutu, ta tsaya ta ƙura wa kangon ido.

"Baffa, a ɗebo mini ƙasar nan a leda. Ina zargin dalma ta zauna a ciki. Guba ce, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki."

Na ce, "To, Likitar Ƙasa, an gama."

A raina kuwa lissafi nake. Yau a ce alayyafona guba ne, gobe yara su laƙaba mini Baba Mai Guba, kuma sunan Paki in ya kama mutum, har kabari yake raka shi. Sai na hau kekena na nufi gonata ta hanyar Malikanchi, na sari ƙasar suri ja wur, mai kyau kamar a yi kunu da ita, na ɗaure na miƙa mata. Don ƙarfin hali har na bi ta Zariya, wai in ga yadda boko zai ji kunya.

Na zaci zan tarar da inji kamar na niƙa. Ashe wani ɗan tulun ƙarfe ne mai kauri, bai kai filas ɗin shayi ba, da siraran bututu da agogo mai allura. Ta zuba ƙasar kamar cokali biyu, ta ɗiga wani magani, ta ɗaure murfi tamau.

"Baffa, ka san iskar da ke sa lemon kwalba kumfa? Ita za mu tura. A matsa ta sosai, a ɗan ɗumama ta, sai ta zama ba iska ba, ba ruwa ba. Tana ratsa ƙasa kamar iska, tana wanki kamar ruwa. Maganin nan shi ke cafko ƙarfen, ita ta ɗauko shi. In an sassauta mata sai ta tashi, ta bar gubar a 'yar kwalbar nan."

Na ce, "Ashe jemage ce, ba tsuntsu ba, ba dabba ba."

Ta yi dariya, ta ce a wasu ƙasashen har ƙarafa masu cin jikin mutum da wani tururi da ido ba ya gani ake gwada cirewa da ita. Ina kallon allurar nan tana hawa. Sai na ji kamar ni aka rufe a tulun.

Bayan kwana huɗu ta bugo wa tsohuwata, wato uwargidana, waya: ba a sami komai ba. Na shige ɗaki na yi dariya har da buga cinya. Amma dariyar ba ta kai la'asar ba. Na je kasuwar Makarfi, na kasa zama. Na sayi rake, na manta shi a mota. Sallah ma sai in tsaya ina tambayar kaina raka'a ta nawa nake.

Ran nan da hantsi na dawo daga gona, sai na hango matar ɗana a tsugune a gindin katanga. Cikinta wata bakwai. Tana ɓanɓarar ƙasar katangar da cokali tana jefawa a baki, irin kwaɗayin nan na masu ciki. Tsohuwata na gefe tana tankaɗe. Na matsa na ce mata ƙasa-ƙasa, "Ba kin hana ta ba?"

"A da na hana. Ai yanzu an auna, Malam. Ƙyale ta ta ci abinta."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ke! Tofar! Tofar da shi na ce!"

Cokali ya faɗi. Yarinyar nan da ko gaisuwa sai ta bayan labule take yi mini, ta miƙe, ta fashe da kuka. Tsohuwata ta yar da rariya.

"Malam, lafiyarka? Surukarka ce fa!"

Nan, a tsaye, da fartanya a kafaɗa, na faɗi abin da na yi. Tsohuwata ta dube ni ta ce, "Wato gidan gara ka kai asibiti, ka bar jikanka a gida."

Ni na buga wayar da kaina. 'Yar ƙanena ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Baffa, sau uku na maimaita aikin nan. Injin na zarga, ban zarge ka ba."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari ta zo ta ɗebi ƙasar da hannunta, kango da katanga. Dalma kuwa ga ta nan, ba kaɗan ba. Na ce to a kawo jemagen ya wanke mana gidan. Ta ce, "Cokali biyu yake ci a zama ɗaya, Baffa. Katangarka sai tattaɓa-kunnenka." Dole muka rushe katangar, muka kankare kangon, aka kwashe ƙasar zuwa inda ta nuna, nesa da rijiya da gona. Aka kai matar ɗana asibiti aka duba jininta, suka ci gaba da lura da ita har ta sauka. Alayyafo kuwa na bi gida-gida na faɗa da bakina. Sunan da na guda ya kama ni, har yau Baba Mai Guba nake.

Mace aka haifa. Yanzu tana aji biyu, saura kaɗan ta ƙure ni. Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce ba ta auren mai furfura. Amma duk ranar da na kira ta ta yi jinkirin amsawa, sai in tuna cokalin nan, in shiga ƙirga kwanakin da ya yi yana aiki saboda ni.

Na sha yi wa mutane wayo na kwana lafiya. Wannan ne ya koya mini cewa wanda ya yi wa ma'auni wayo bai cuci ma'auni ba. Ma'auni ba ya cin tuwo a gidansa, nasa ne ke ci.