Rigar angon da ke Gembu

A Gazara kowa ya san Lado Tela ba ya gwada mutum. Kallo ɗaya yake yi maka daga wuya zuwa ƙafa, ya ce ka dawo ranar Laraba, kuma in ka dawo rigar za ta zauna maka daram. A Zariya ya koyi ɗinki wurin kawunsa, ya dawo gida da keken ɗinki mai ƙafa, shekara talatin ke nan. Ni ke sayar da zare da maɓalli a shagon da ke manne da nasa, don haka duk abin da zan faɗa a idona aka yi. Mutum ne mai kirki, sai dai ji da kai kam, Allah ya ba shi.

Shekara uku da suka wuce idon nan nasa ya kunyata shi. Ikrama, wani malamin dabbobi ɗan garinmu, aka tura shi aiki Gembu, can saman tsaunin Mambila. Bayan wata takwas ya bugo waya a ɗinka masa kayan ɗaurin aure. Lado ya yanka shadda da jikin da ya sani, wato Ikrama mai tumbi. Ranar ɗaurin aure ango ya fito kamar an kifa wa turke buhu. Abokai suka yi ta dariya, hoton ya zagaya wayoyin gari, aka ce idon Lado ya mutu. Da Sallah ta zo, rabin masu kawo masa ɗinki suka koma wurin telolin Maƙarfi. Na tausaya masa, ko da yake ba zan ɓoye ba, da farko ni ma na yi dariyar.

Lado bai yarda idonsa ya mutu ba. Ya je har gida ya tambayi Ikrama ko ciwo ya yi.

"Lafiyata ƙalau, Baba," in ji Ikrama. "Can sama abinci ne ba ya shigar mini. Loma biyar na ƙoshi. Ga sanyi, ga hawa, ko masallaci za ka sai ka yi haki."

Ya bi direbobin da ke kai mazarƙwaila can da tambaya, ya kuma tare Malama Radiyya ta asibitin gari. Ta ce iskar kan tsauni ba ta ƙosar da numfashi kamar tamu, baƙo yakan rage cin abinci, jiki kuma ya dinga ƙona abin da ya tara. Wani ya rame sosai, wani kaɗan. Lado ya ji, ya riƙe, bai gaya wa kowa ba.

Bara sai ga Hajiya Atika da shadda mai tsada. Ɗanta Zayyad yana bautar ƙasa a Gembu, sai safiyar ɗaurin aurensa zai iso. Lado ta kawo wa don shi ke yi wa marigayi mijinta ɗinki. Da ta zo karɓa ta ɗaga kaftanin, ta dube shi, ta sake dubawa.

"Malam Lado, wannan ai na ƙaninsa ne."

"Nasa ne, Hajiya. Wata goma ya yi a sama. Na rage yatsa huɗu a ciki, uku a ƙugu."

Riga in ta yi yawa ana rage ta, amma in ta matse an yi asarar shadda, kuma wannan karon ba wanda zai sake kawo masa ko facin wando. Hajiya ta ce wallahi ɗanta ƙato ne, ita ta haife shi.

"In bai shige shi ba, ki aiko a ɗauki keken nan," in ji Lado. "Na bar ɗinki."

Ranar Juma'a da hantsi mota ta sauke Zayyad a shagon Lado, inda Hajiya ta bar kayan. Labari ya riga ya bazu, ƙofar shagon ta cika, har da waɗanda suka zo don su yi dariya. Ya shiga ya sa kayan, ya fito. Kafaɗa daidai, wuya daidai, wando ya tsaya a ƙugu ba tare da an ja mazagi ba. Wani ya yi kabbara. Hajiya tana share hawaye wai ɗanta ya rame, Lado kuwa yana tsakiyar hanya yana kiran masu wucewa su zo su gani, har da mai tura ruwa. Ni kaina daɗi ya kama ni, na ba ango maɓallan hannu kyauta.

Kafin a tafi masallaci mutum huɗu sun ajiye yadinsu a kan teburin Lado. Ya ja Zayyad gefe, ya juya masa bakin kaftanin ya nuna masa ciki.

"Ka ga wannan ninkin? Ban yanke komai ba, ɓoye shi na yi. Ka yi wata uku kana cin tuwon amarya, sai ka kawo in buɗe maka."